Abin da ke Bayan "Lafiya Lau"

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta babu tambayar da ake yi wa mutum sau da yawa a yini kamar ta lafiyarsa, kuma babu tambayar da aka fi sanin amsarta tun kafin a yi ta. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙarfin jiki, duk amsar a shirye take a bakin harshe. A nan Diffa, inda harsuna suke cuɗanya a kasuwa guda, Bahaushe ya ce lafiya lau, Babarbare ya ce kalewa, Bafillace ya ce jam, amma magana ɗaya ce. Sau da yawa za ka iske mutum kwance, ko kai ba ya iya ɗagawa, ka tambaye shi jiki ya ce maka da sauƙi. Wannan ɗabi'a tana da kyaunta, domin godiya ce ga Mahalicci, kuma kara ce da ke hana mutum ɗora wa ɗan uwansa nauyin da bai shirya ɗauka ba. Sai dai gaisuwa zaure ce, labari kuwa yana cikin gida, kuma ba kowa ake shigarwa ba. Waɗanda ake shigarwa su ne abokai na ƙut da ƙut. A kan irin labaran da suke ba juna, na ruwa da hatsi da yara da ciwon gwiwa, nake son in ɗan tattauna da mai karatu, saboda irin wannan ƙaramin labari ne ya kai ni gaban likitan zuciya a kan kari.

Mu tara ne muka shaƙu a makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad da ke Damagaram, a farkon shekarun 1980. Da muka fito gwamnati ta watsa mu kamar iri: wani Gure, wani Tasawa, wani Maraɗi, wani Ngigmi, ni kuma aka jefo ni gaɓar Komadugu, inda na yi mafi yawan aikina, Assaga kuwa ta zama gida. A nan muka ƙara na goma, wani ma'aikacin gidan likita da muke kira Manjo, wanda ya koma Damagaram bayan ya yi ritaya. A wancan zamani wasiƙa ce ke haɗa mu. Ka rubuta, ka ninke, ka ba direban babbar motar da ke ɗaukar kifi ko tattasai, ta yi mako biyu kafin ta isa, wani lokaci da ƙaurin banda a jikinta. In abu na gaggawa ne, kamar suna ko rasuwa, sai a aika sanarwa gidan rediyon Muryar Sahel. In marmari ne kurum, sai a jira filin zaɓi sonka a ji sunan juna. Daga baya kaset ya shigo, sannan wayar salula, yau kuma saƙon murya, wanda tsoho zai danna ya yi ta zuba kamar yana gaban aji. Hanya ta yi ta sauyawa, amma tsarin labarin yana nan yadda yake: a fara da ruwa, a bi da farashin hatsi, a zo kan yara, sannan a ƙarshe, in da sauran lokaci, a taɓa jiki.

Wanda bai zauna a nan ba zai yi mamakin yadda ruwa ya zama kan labari. Komadugu kogi ne mai zuwa da tafiya, kuma ba a samanmu ruwansa yake zuba ba. Daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos yake tasowa, ta kogin Haɗeja da na Jama'are, ya bazu a fadamun Nguru, ya taru ya bi ta Gashuwa da Gaidam, sannan ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya har ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Yakan iso mana cikin damina, ya cika ya batse bayan ta ɗauke, ya janye da bazara ya bar rairayi da ƴan tafkuna. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, wani ɓangare na zuwansa ya rataya ga hannun mutanen da ba su taɓa ganin Assaga ba. A 2019 da 2022 kuwa ya zo da ƙarfin da ya cinye gonaki da gidaje. Saboda haka in aboki ya ce maka ruwa ya wuce Gaidam, ya gaya maka lokacin dashen tattasai ke nan, ya kuma gaya maka ko za a yi bikin ƴarsa bana ko sai baɗi, domin tattasan nan da ake shanyawa ja wur, a ɗura a buhu a kai kasuwannin Najeriya, shi ne asusun mutanen wannan gaɓa.

Darajar ƙananan labarai ta fito fili a 2015. Ranar 6 ga Fabrairu ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai, aka taƙaita sayen taki da man fetur. A cikin wannan shekara mutanen Assaga, na wannan gaɓa da na waccan, waɗanda kogi ya raba amma aure da kasuwa suka haɗa, suka bar bakin ruwa suka kafa bukkoki a gefen babbar hanyar kwalta. Aji ya koma rumfa, allo ya rataya a jikin itace. Gidajen rediyon duniya suna ambatonmu da lissafi, dubu kaza sun gudu, dubu kaza suna bukatar abinci, kuma gaskiya suke faɗi. Amma abokina na Gure da ya same ni a waya, tambayarsa ita ce ko na samu na fito da akwatin littattafaina, kuma ko akuyar nan tawa mai cin alli tana raye. Na yi dariyar da na kwana biyu ban yi ba. A wurin masu rajista ni ɗan gudun hijira ne mai lamba. A wurinsa ina nan dai Mushen da ya sani, mai akuya marar kunya. Sai a 2017 aka sake halatta cinikin tattasai, kamun kifi kuma a 2019, kuma su ma waɗannan manyan labarai a cikin gaisuwa muka ba juna su, tsakanin haƙorin wani da ya fita da jikar wani da ta fara tafiya.

Nawa labarin ya zo a 2024. Na riga na yi ritaya, ina zaune cikin garin Diffa, ina leƙa ƴar gonar tattasai da muke haɗin gwiwa da wani tsohon ɗalibina. Azumin shekarar ya faɗo cikin Maris da Afrilu, zafi yana kan ganiyarsa, kowa yana kukan kasala. Bayan ƙaramar salla na aika wa abokai saƙon barka da shan ruwa bisa tsarin da muka saba. Na ba su labarin kogi da ya janye, da farashin tiyar gero, da ƴata ta uku da ke shirin jarrabawar BEPC, sannan a wutsiyar magana na ce tsufa ya fara aiko da manzanni, don sai na zauna sau biyu a dakalin mutane tsakanin gida da masallaci, tafiyar da ba ta kai taku 300 ba. Sauran suka yi ta zolaya, wani ya ce tuwon salla ne, wani ya ce in ƙara aure. Manjo bai yi dariya ba. Ya kira ni a daren.

"Mushe, kana da agogo a hannu?"

Na ce ina da shi.

"Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasan babban yatsa. In ka ji yana harbawa, ka ƙirga har minti ɗaya ya cika. Ina jira."

Na ƙirga na ce masa 36. Ya sa na sake, na samu 38. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in ba shi uwargida. Da na miƙa mata na ji yana cewa, "Hajiya, gobe da sassafe ki raka shi gidan likita. Kada ya tafi shi kaɗai, kada kuma ki yarda da jibi."

A gidan likita aka manna mini wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta fito da doguwar takarda mai zane kamar tudu da kwari. Likitan, wanda bai wuce sa'ar ɗana na fari ba, ya zauna ya yi mini bayani irin wanda malami ke so, dalla-dalla. Zuciya ɗakuna huɗu ce, biyu sama biyu ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gurbi da ke tayar da wutar lantarki ƴar kaɗan, sau 60 zuwa 100 a minti ga babban mutum da ke zaune, abin da ya kai wajen bugu 100,000 a yini. Wannan wuta tana bi ta wata mashiga a tsakiyar zuciya ta sauka ɗakunan ƙasa, masu tura jini zuwa huhu da sauran jiki. A tawa zuciyar, in ji shi, sama tana aika saƙo yadda ya kamata, amma mashigar ta toshe, saƙon ba ya sauka. Ɗakunan ƙasa da suka ji shiru sai suka kama nasu kiɗan mai nawa, sau talatin da ƴan kai, wanda bai isa ya kai jini ga ƙwaƙwalwa ba in mutum ya miƙe tafiya. Yawanci shekaru ne ke busar da wannan hanya, haɗarin kuwa shi ne wata rana su yi jinkirin da mutum zai yanke jiki ya faɗi, wataƙila ya tashi, wataƙila a'a. Ƙwaya ba ta buɗe mashigar. Maganin shi ne a dasa ƴar na'ura a ƙarƙashin fata ta riƙa isar da saƙon, abin da mutanenmu ke kira pil. Aka rubuta mini takardar zuwa Yamai.

Kafin in tashi labari ya bazu a unguwa cewa Mushe yana da ciwon zuciya, sai na ga abin da ya kamata masu nazarin harshe su duba. Bahaushe ya ɗora wa zuciya kaya da yawa. Mai saurin fushi an ce yana da zuciya, jarumi mai ƙarfin zuciya ne, malalaci zuciyarsa ta mutu, mai haɗama yana bin son zuciya, mai alheri farar zuciya gare shi. A cikin wannan jerin duka babu tsokar nan mai girman dunƙulen hannu da ke aiki a bayan haƙarƙari. Don haka masu zuwa gaishe ni suka riƙa ba ni haƙuri maimakon sannu. Wata tsohuwa daga Assaga ta zauna bakin tabarmata ta ce, "Malam, ka cire abin a ranka. Gidan da aka bari an bar shi, Allah zai ba da wani." Ta ɗauka baƙin cikin hijira ne ya taru ya zama cuta. Ban musa mata ba, don na san mutane da yawa a gefen kwaltar nan waɗanda nata bayanin ya dace da su, kuma likitoci da kansu sun yarda doguwar fargaba tana tayar da jini. Amma tawa cutar ta waya ce da wuta, haƙuri ba ya gyara ta, kuma wanda ya ɗauki kowane ciwon zuciya a matsayin ɓacin rai zai zauna gida yana lallashin kansa har lokaci ya ƙure.

A da, mutumin Diffa da ciwo ya fi ƙarfin garinsa Maiduguri yake nufa, ya haye kogi ya bi ta Damasak, ya isa asibitin koyarwa na jami'a a yini guda, da nairarsa a aljihu. Tun da Damasak ta faɗa hannun ƴan bindiga a ƙarshen 2014, ko da yake an ƙwato ta a 2015, wannan hanya ta fita daga lissafin mai jinya irina. Sai Yamai, kilomita wajen 1,360 a kan hanya mai lamba ɗaya: Maine-Sorowa, Gudumariya, Gure, Damagaram, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Sai ga shi watsuwar da aka yi mana shekara arba'in baya ta zama mini zango-zango. A Gure aka tarye mu a tasha da fura da ruwan sanyi. A Damagaram Manjo ya shigo motar da ƴar jakarsa, ya ce ba ya sauka sai inda na sauka, kuma duk inda aka tsaya yatsunsa suna wuyan hannuna. A Maraɗi ɗan marigayi abokinmu ya kawo ambulan da abin da ƴan uwa suka tara. Kuɗin na'urar ya fi ƙarfin fanshon malamin firamare nesa ba kusa ba. Abin da ya cike giɓin ya fito ne daga buhunan tattasai da aka sayar ba a jira farashi ba, da saniyar da matata ta rabu da ita, da jikkunan da tsofaffin malamai suka cire daga bakin iyalansu ba tare da na roƙa ba. An ce zumunta a ƙafa take. Tamu ta yi shekaru a takarda da waya, amma ranar da aka bukaci ƙafa, ƙafa ta zo.

Aikin kansa bai kai tsoron da ya riga shi ba. Ba a sa ni barci ba. Allura aka yi mini ta kashe wurin, ƙasan ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗar hagu. Aka tsaga fata kamar tsawon ɗan yatsa, aka zura siraran wayoyi biyu ta cikin jijiyar jini har cikin zuciya, likita yana kallon tafiyarsu a allon hoto, sannan aka haɗa su da na'urar, wadda ba ta kai kwalin ashana ba, aka sa ta cikin ɗan aljihun da aka yi mata a ƙarƙashin fata, aka ɗinke. Ina jin hirarsu, ina jin ƙarar abin da ke bin bugun zuciyata, kuma na ji lokacin da kiɗan ya tashi daga tafiyar raƙumi ya koma ta doki. Abin da ya fara dawo mini shi ne ɗumin tafin ƙafa.

Manjo, wanda ba ya rabo da karatu, shi ya ba ni tarihin abin a kwanakin da muka yi a asibiti. A 1958, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, likita Åke Senning ya dasa wa Arne Larsson irin wannan na'ura karo na farko a duniya, injiniya Rune Elmqvist ne ya ƙera ta. Ta farkon ta yi ƴan sa'o'i ta tsaya, aka sa ta biyu. Larsson ya ci gaba da rayuwa ana sauya masa na'ura fiye da sau 20, ya rasu a 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da injiniyan duk sun riga shi. Ta yau batirinta yakan yi kimanin shekara 10. Manjo ya ce, bisa wannan lissafi, in fara tanadin abin da zan faɗa a ta'aziyyarsa.

Jinya kuwa makaranta ce, ni da na saba kafa doka na koma mai bi. Mako shida ba a yarda in ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa ba, ko in ɗauki abu mai nauyi, don wayoyin su samu su kama naman zuciya. A nan na ga zancen hannu ɗaya da jinka a zahiri: babbar riga sai da taimako, guga ta gagare ni, ko tabarma ban iya kaɗewa. Babbar salla ta same ni cikin wannan hali, ɗana ya kayar da rago, na karɓi wuƙa da dama na yanka, samari suka yi fiɗa suka jera shi a bakin wuta. Wayar salula an kore ta daga aljihun ƙirji, inda ta yi shekara ashirin. Dole ta nisanci na'urar da kamar santimita 15, in kuma saurara da kunnen dama. Matata ta kwashi rigunana ta kai wa tela ya ɗinke aljihunan ƙirji gaba ɗaya, don ta san hali. An gargaɗe ni da kusantar masu walda, da sunkuyawa a kan inji yana aiki, wanda a gaɓar Komadugu injin ban ruwa ake nufi. Yanzu in na je gona ɗalibina ke ja masa igiya, ni kuwa ina daga inuwa ina ba da shawarar da ba a nema ba.

Akwai kuma ƴar takarda da aka ba ni, mai ɗauke da sunan na'urar da ranar da aka dasa ta, aka ce kada in rabu da ita. A wata ƙasa amfaninta a filin jirgin sama ne. A yankin da aka sha fama da masu ɗaura bam a jiki, mutum mai ƙarfe da wayoyi a ƙirji yana da bayanin da zai yi. A hanyarmu ta dawowa, a wani shingen bincike, wani matashin soja ya bi jikina da sandar nan mai ƙara, ta yi kuka a daidai ƙirjina. Na ga fuskarsa ta sauya. Na ce masa a hankali, "Ɗana, takarda tana aljihun dama, ɗauko ta da kanka." Ya karanta, ya dubi wurin ɗinkin, ya sauke numfashi, ya ce, "Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Mahaifina ma yana fama da jiri." Kafin motar ta tashi na koya masa yadda ake ƙirga bugun jini.

Awon da aka yi mini ya kuma tono hawan jini, cuta ta daban mai shiga ba sallama. Nan aka shiga yaƙi da tukunya. Mu mazauna ƙasar Manga ne, gishiri da kanwa arzikin ƙasar ne, mangul daga nan yake tafiya kasuwannin Hausa; ga kuma dunƙulen miya da ake jefawa uku-uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma a ƙididdigar da ta fitar a 2021 mutum fiye da biliyan ɗaya ne ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su sani ba. Matata ta koma ga daddawa da tafarnuwa da citta da tattasan gonarmu, miya ta yi wani ɗanɗano da rabona da shi tun ta kakata.

Dubiya tana cikin kyawawan abubuwan da muka gada, kuma na ci moriyarta: kunu da farfesu, addu'a, hirar da ke rage tsawon yini. Amma dubiya tana zuwa ne bayan an kwanta. Abin da ya cece ni ya zo kafin kwanciya, daga mutumin da ya saurari wutsiyar saƙo. Cikin mu goma, uku sun riga mu gidan gaskiya. Na Maraɗi, wanda ɗansa ya kawo ambulan, gwanin lissafi ne da bai taɓa aiko da saƙon da babu raha a ciki ba. Har makon da ya rasu lafiya lau yake ce mana. A zaman makoki ne muka ji daga bakin iyalinsa cewa ya yi watanni ƙafafunsa suna kumbura, ba ya iya barci sai a zaune, ya kuma hana a gaya mana don kada hankalinmu ya tashi. Kara ya yi mana, karar kuwa ta bar mu da tambayar da babu mai amsa ta. Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. A ganina ciwo ya fi cancanta da kada a ɓoye masa, don shi ana iya yin wani abu a kai. Tun dawowata muka sauya tsarin labarinmu bisa shawarar Manjo. Jiki ya tashi daga wutsiya ya dawo bayan ruwa kai tsaye, kuma ba a karɓar lafiya lau sai da lamba: kowa ya je ya auna jininsa ya faɗi abin da aka samu. Biyu daga cikinmu, ban da ni, a nan suka san suna da hawan jini.

Ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu ina da roƙo biyu, kuma babu wanda ke bukatar kuɗi. Na farko, ƙirga bugun jini darasi ne na minti goma, da agogo ɗaya ana koya wa aji guda. Lissafi ne, kimiyya ce, kuma yaro zai kai shi gida ya gwada a hannun kakansa. A gaya masa cewa manomi ko ɗan kokawa mai ƙarfi yana iya samun bugu ƙasa da 60 alhali lafiyarsa ƙalau, amma in bugun ya yi ƙasa sosai tare da jiri, ko suma, ko haki a ƴar tafiya, to gidan likita za a nufa a ranar. Na biyu, harsunanmu suna bukatar kalmomin da za su raba ciwon tsoka da ciwon rai, da Hausa da Barbarci da Fulatanci, don tsohuwa ta fahimci abin da likita ke nufi tun daga bakinsa. Masu wasan kwaikwayo da mawaƙa da masu shirin rediyo sun fi likita iya shigar da kalma bakin jama'a. Ranar 29 ga Satumba ita ce ranar zuciya ta duniya, tana kuma faɗowa daf da komawa makaranta. Ƙungiya za ta iya gayyato ma'aikacin lafiya da abin awonsa ya zauna a ƙofar taro.

Ga waɗanda suka san mu kuma suke tambaya, ga labarin gida a taƙaice. Ina zuwa masallaci da kasuwa ba zama a dakali, har nakan taka zuwa bakin kogi da yamma. Na'urar tana bukatar a duba ta lokaci-lokaci, tawa dubawar kuwa a Yamai ake yi, tafiya mai cin kwanaki da kuɗi. Wannan shi ne nauyin da ya rage, kuma na san akwai masu irin ciwona a ƙauyukan gaɓar nan waɗanda ba su da aboki a kowane zango. Yarinyar ta ci jarrabawarta, ta ce likita za ta zama; yayarta tana karatun aikin gona a jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014. Na Gure ya aurar da autarsa. Na Tasawa an yi masa aikin ido, ya ce sai yanzu ya ga yadda muka tsufa. Manjo gwiwa ta dame shi, ya kuma faɗa da bakinsa ba a tambaye shi ba. Akuyar nan ta daɗe da mutuwa, amma jikokinta suna nan, ba su bar halin ba. Tsohuwar Assaga da ta ba ni haƙuri ta sake zuwa, na sa jikata ta ƙirga mata nata aka samu 74, ta ce ita dama ta san zuciyarta ƙalau take, ƙauyenta kawai take so ta koma. Allah ya mayar da ita lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bar zumunci.